Sunan da Na Tsallake Ranar Ɗiban Ɓargo

Na sauka a Alƙahira da hantsin wata Talata, da jaka ɗaya a hannu da ambulan ɗin takardun asibiti a hammata. Sanyin garin ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Rigunan sanyi biyu ne a ƙarƙashin babbar rigata, amma da yake jinin jikina bai taka kara ya karya ba, sai na ji kamar a tuɓe nake.

Abin da ya kawo ni ba shi da tsawo. Wata bakwai jinina yana ƙonewa. Sau uku ana ƙara mini a Kano, kowane ƙari ya yi 'yan makonni ya bi ruwa. Daga ƙarshe likita ya ce sai an huda ƙashi an ɗebo ɓargo an duba, domin a can jini yake tsirowa, in akwai ɓarna a can za a gan ta. Ya ce ana iya yin gwajin a gida, amma 'yan'uwa suka haɗa baki suka ce Misira, don in magani ya biyo baya a yi shi wuri ɗaya. Ni tsohon hedimastan firamare ne a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta, na yi ritaya na koma gonata. Kafin wannan tafiya, iyakata Kaduna.

Ni kaɗai na zo, kuma ba don na rasa mai rako ba. Ɗan farina, wanda yake sana'ar hatsi a Dawanau, shi ya yi ɗawainiyar komai. Fasfo biyu ya yi, nawa da nasa. Da labari ya iso ni sai na kira mahaifiyarsa, Hajara, na ce ta gaya masa ya yi zamansa.

"A kan me, Malam?"

"Asibiti ne fa. Za a tuɓe mutum, a kwantar da shi, a tashe shi, wataƙila har a kai shi bayi. Shi ne zai tsaya a kaina yana kallo?"

"To wa zai tsaya?"

"Allah."

"Allah shi ne mai tsayawa," in ji ta, "amma ai shi ya ba ka ɗan."

A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce, haka na tarar, haka na riƙe. Shekararsa talatin da takwas a duniya, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin mahaifiyata, a can ya girma. Shekarar da ya shigo aji huɗu ni nake riƙe da ajin, kullum in na zo kansa a rajista sai in ce "lamba goma sha biyu", ya amsa, yara su ƙunshe dariya. In zan aika masa saƙo sai in ce a gaya wa "yayanku", in muna gaba da gaba kuwa "kai" ta wadatar. Wayar da ya saya mini don tafiyar nan ya sa lambarsa da sunansa a ciki, na ba autata ta goge ta rubuta "Dawanau". Yaran yanzu suna yi wa irin wannan dariya, suna cewa ƙauyanci ne. Ni kuwa ina ganin ita ce tarbiyya, kuma ina ganin ya san abin da ke raina ba sai na faɗa ba.

Amsar da ya aiko ta bakin mahaifiyarsa gajera ce: "Ki ce masa na ji." Da ita na hau jirgi, kuma tun a sama ta fara yi mini nauyi.

Wanda ya tare ni a filin jirgi shi ne Alhaji Ɗanjuma, wani Bahaushe da ya shekara ashirin a garin, sana'arsa tarbar marasa lafiya ya kai su asibiti ya yi musu tafinta. Mutum ne gajere mai ƙamshin turare, wayoyi uku a hannu, kowacce tana kuka a lokacinta. Ya karɓi jakata, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Malam Isiyaku, ka kwantar da hankalinka. Ni ne ɗanka a garin nan. Ko tari ka yi, ina kusa."

Tun muna gida ya yi alkawarin ɗaki a ƙasa, kusa da asibiti. Ɗakin da ya kai ni yana hawa na biyar, a wani dogon gida da ba a hawansa sai da ƙafa, kuma tsakaninsa da asibiti mota biyu ce. Sau huɗu ina tsayawa a matakala ina neman numfashi.

"Alhaji, ba ɗakin ƙasa muka yi da kai ba?"

"Ai sama ta fi iska, Malam. Likitoci ma sun fi son mara lafiya ya riƙa motsa jiki."

Na dube shi na dubi matakalar da ta rage. Baƙo ko da ido makaho ne, sai na ce to.

Ɗakin gado ɗaya ne da kujera ɗaya da risho, sai taga mai kallon bangon wani gidan. Na yi zaton Larabcin da na koya a zauren Malam zai fisshe ni. Ranar farko da na lallaɓa na sauko sayen gurasa da shayi, na shirya jimlata tsaf da fataharta da kisirarta, na karanta wa mai kanti. Ya saurara har na dire, sannan ya ɗaga hannu biyu ya shafa fatiha, mutanen kantin suka kwashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, har ya ƙara mini gurasa ɗaya. Amma daga ranar na koma nuni da yatsa.

Abin da ya fi cin raina a kwanakin nan shi ne rashin sannu. A ƙauyenmu gida yana jingine da gida, gona tana jingine da gona, iyakar ma ɗan layin gamba ne ko lalle. Ba ka isa ka yi atishawa ba tare da wani ya ce maka wani abu ta bayan danga ba. Lokacin da na kwanta a gida, zaurena bai taɓa zama babu mutane ba, 'yan dubiya wasu na tashi wasu na zama, har na riƙa yin barcin ƙarya don in huta. A nan kuwa mutane kamar ƙasa, motoci ba sa yankewa, amma sai in wuni cur ban ji muryar da ta nufo ni ba. Lokacin kai taki gona ne a gida. Ina zaune a kujerar nan sai in riƙa ganin amalanke yana fita da sassafe, da tsibin taki jere a gonata ta gindin ɗorawa. Na yi kewar har warin takin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kullum bayan la'asar nakan kira Hajara. Shi kuwa mutumin Dawanau shi yake kirana, kwana bibbiyu, kuma hirar tamu ba ta taɓa canza kama ba.

"Baba, ina wuni. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ana buƙatar wani abu?"

"Babu."

"To, Baba."

Daga nan ina jin numfashinsa yana jin nawa, sannan ɗayanmu ya kashe. In na ajiye wayar nakan daɗe ina kallonta.

Ranar da muka fara zuwa asibiti, ma'aikaciyar da ke rubuta sunaye ta tambayi sunan ɗan'uwa mafi kusa, wanda za a nema in wani abu ya faru. Kafin in buɗe baki Alhaji Ɗanjuma ya janye fom ɗin ya rubuta nasa sunan da lambarsa. Gaskiya daɗi na ji, don ya ɗauke mini abin da ba zan iya faɗa ba. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sa mini ranar ɗiban ɓargo bayan kwana shida.

A ɗakin jiran masu ciwon jini na haɗu da wani dattijo, manomin alkama daga kudancin ƙasar, mai rawani da doguwar riga. Mun girmi kowa a wurin, sai muka riƙa zama benci ɗaya. Da guntun Larabcina da hannu muka fahimci juna. Ya tambaye ni me muke nomawa, na ce gero da dawa da gyaɗa da wake, kuma ruwan sama muke jira. Ya girgiza kai don tausayi, ya ce su kogi ne yake zuwa musu har gona. Tare da shi akwai wani ƙaton mutum mai furfura jefi-jefi a gemu, wanda ba ya nisa da shi. Dattijon nan ba ya minti biyar bai kira shi ba. Ya Mahmud, ruwa. Ya Mahmud, gyara mini mayafi. Ya Mahmud, kai dai ba ka da wayo. Shi kuwa Mahmud sai ya yi dariya ya sumbaci kan tsohon, a gaban jama'a, ya durƙusa ya gyara masa takalmi.

Na ce a raina, wannan ai auta ne, shi ake sangartawa haka. Na tambaya.

"Ɗan farina ne," in ji dattijon, yana dukan ƙirji. "Da sunansa ma ake kirana. Kowa a garinmu Abu Mahmud yake ce mini, wasu sun manta sunana na yanka. Kai fa, baban wa ake ce maka?"

"Malam Isiyaku ake ce mini."

"Ba ka da ɗa namiji?"

"Ina da su."

Ya jira in ƙarasa, ban ƙarasa ba, sai ya kawo zancen alkama. A mota ina komawa na riƙa cewa a raina, waɗannan mutane ba su san kunya ba. Na faɗa wa kaina haka har sau uku, kuma ko sau ɗaya zuciyata ba ta amsa ba. Hassada ce tsagwaronta nake yi wa tsohon nan, ni na sani.

Ranar ɗiban ɓargo Alhaji Ɗanjuma ya ce in jira shi a ƙofar gida ƙarfe takwas. Na jira har tara. Na kira wayoyinsa uku ɗaya bayan ɗaya, ta ukun ce ya ɗaga, ina jin hayaniyar filin jirgi a bayansa.

"Malam, wallahi wasu baƙi ne suka sauka, mutum huɗu, ɗaya ma a keke. Ka yi gaba, ina bayanka. Abin ai ba wani abu ba ne, kamar cizon sauro."

Ban ƙara ganinsa ba sai bayan kwana biyar. Na hau motocin nan biyu ni kaɗai, ina nuna wa direba takardar da aka rubuta sunan unguwar.

Ɗakin ƙarami ne, fari fat, da gado siriri a tsakiya. Likitan mutum ne mai sanƙo da tattausar murya, da Turanci muka yi magana. Nas ɗin ta leƙa bayana ta tambayi wanda ya rako ni, na ce yana hanya. Suka dubi juna. Likita ya ce ba a son mutum ya koma gida shi kaɗai bayan wannan aiki, amma tunda na zo, a yi.

Aka ce in kwance tazuge in kwanta ta gefe, in naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, fuskata ga bango. Aka sassauta wandona ƙasa kaɗan. Na tuna abin da na gaya wa Hajara, na ce to ga shi, da yanzu yana tsaye yana kallon wannan. Aka shafa wani magani mai sanyi a bayan ƙuguna. Likita ya danna da babban yatsa har ya sami tudun ƙashin da yake nema, ya ce zai yi allurar kashe zafi, za ta yi yaji kaɗan. Ta yi yajin, sannan wurin ya mutu.

"Fata da nama za su yi barci," in ji shi, "amma cikin ƙashi ba ya barci. Za ka ji dannawa, sannan in na zo zuƙowa za ka ji zafi na ɗan lokaci. Zan gaya maka kafin in yi. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka motsa."

Sai na ji ya jingina nauyinsa a kaina yana murɗawa, kamar mai kafa turke a busasshiyar ƙasa. Ba zafi ba ne sosai, amma ina jin gurzar ƙarfe a ƙashina har cikin haƙorana. Na kama salati. Gumi ya keto mini duk da sanyin ɗakin. Ya lura jikina ya sandare, sai ya fara jana da hira don ya ɗauke hankalina.

"'Ya'yanka nawa, Malam?"

"Shida."

"Masha Allah. Faɗa mini sunayensu, daga babba zuwa ƙarami. A hankali."

"Amina," na ce. Ya murɗa. "Nasiru. Hauwa." Ya ƙara murɗawa. "Bashir. Safiya."

"Biyar na ƙirga. Ka ce shida."

Na ƙura wa bango ido. Hannunsa ya tsaya cak, sannan ya sassauta murya.

"Yi haƙuri, ban sani ba. Allah ya jiƙan wanda ya rasu."

Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Nas ta danne kafaɗata da ƙarfi.

"Kada ka motsa, allura tana cikin ƙashi."

"Yana da rai, likita. Yana da rai, lafiyarsa ƙalau. Shi ne babba."

"To, alhamdu lillahi. Ya sunansa?"

Sunan ya taso har maƙogwarona ya tsaya. Babu wanda ya san ni a ɗakin nan, babu mai jin Hausa, babu wanda zai kai labari gida, amma harshena ya ƙi. Likita bai jira ba, ya ce in ja dogon numfashi, yanzu zai zuƙo.

Wannan zafin ba ni da abin kwatanta shi. Ba a wurin allurar na ji shi ba, daga can cikin ƙafata ya taso, kamar ana tuge wani abu da saiwarsa. Daƙiƙa kaɗan ne, amma na ga duhu. Na ji wata ƙara ta fita daga bakina wadda ban san ina da ita ba. Bayan haka ya sake murɗawa ya gutsuro ɗan ƙashi siriri, ya zare, ya danne wurin da auduga. Ya nuna mini abin a cikin 'yar kwalba, ja, bai kai tsawon ashana ba. Tafiyar da na yi tun daga Ɗanbatta, saboda wannan ɗan abin ce.

Aka ce in kwanta rigingine rabin awa in danne ciwon da nauyina. Suka fita suka bar ni. A nan hawaye suka zo, suna gangarawa cikin kunnuwana, kuma ba na zafin allura ba ne. Addu'ar likitan ce take ta dawo mini. Da bakina, saboda kunya, na sa baƙo ya yi wa ɗana addu'ar matattu. Na yi ta cewa Allah ya raya shi, Allah ya raya shi, kamar ranar aka haife shi.

Da lokaci ya cika nas ta ce zan iya tafiya. Na zauna a bakin gado, na kasa ɗaure tazuge. Takalmana suna ƙasa, sunkuyawa kuwa ta gagara. Nas ta leƙa waje ta kira sunan Alhaji Ɗanjuma sau biyu, babu amsa. Sai ga Mahmud a bakin ƙofa, ashe ranar ma sun zo a yi wa tsohon ƙarin jini. Bai tambayi komai ba. Ya ja labule, ya kawar da kai gefe, ya ɗaure mini tazugen da sauri kamar wanda ya saba. Ya durƙusa ya sa mini takalma. Ina kallon tsakiyar kansa, inda gashi ya fara zubewa, na ga sa'an ɗana ne. Abin da na hana nawa, ga shi ɗan wani yana yi, kuma sama ba ta faɗo ba.

Ya riƙe ni har titi, ya tsayar da tasi, ya duba takardar unguwata ya yi wa direba kwatance. Dattijon ya ɗago mini hannu daga benci. Matakalar gidan kuwa ni kaɗai na hau ta, ina zama a kowane hawa. Na fara da azahar, ban kai ɗaki ba sai da aka kusa kiran la'asar.

Sakamako sai bayan kwana goma, in ji su. Waɗannan kwanaki su ne mafi tsawo a rayuwata. Kwana uku na farko ban sauko ba, gurasar da ta bushe nake jiƙawa a shayi. Alhaji Ɗanjuma ya ɓullo a rana ta biyar da lemo guda huɗu a leda da romon baka cike da baki, ya zauna minti goma, waya ta yi kuka, ya tashi. Ban yi masa faɗa ba. Ni na ɗauki ɗan haya na bar na halak.

A rana ta bakwai ne Hajara ta gaya mini abin da ta daɗe tana riƙewa. Ta ce tun da na tafi, duk Juma'a yayan su Amina yana rufe rumfarsa ya taho ƙauye, ya shimfiɗa tabarma a zaurena ya karɓi masu zuwa tambayar jikina. Ta ce ya sa an kai taki gonakina duka, shi da kansa ya tsaya aka baza na gindin ɗorawa.

"Allah ya yi masa albarka," na ce.

"Amin. Amma jiya ya tambaye ni wata magana, na rasa amsa."

"Wace magana?"

"Ya shigo ɗakina ya zauna a bakin ƙofa. Can ya ce, Inna, don Allah in akwai laifin da na yi wa Baba tun ina yaro, ki gaya mini in nemi gafara tun yana da rai."

Na ji kamar an sake zuƙo ɓargon.

"Me kika ce masa?"

"Na ce kunya ce. Ya ce ya sani, amma ya ga da Nasiru ne ya ce zai bi ka, da ka yarda." Sannan ta ce, "Malam, ni ma ban taɓa kiran sunansa ba. Amma ni in ya zo nakan tura masa ƙwaryar fura da hannuna, ya san ta wa ce. Kai me ka taɓa tura masa?"

Na ce mata katin waya ya kusa ƙarewa. Ƙarya nake yi, ita ma ta sani.

Shekara da shekaru ina cewa ya san abin da ke raina. Ashe yaron nan tun yana lamba goma sha biyu yake neman laifinsa. Na zauna a kujerar nan ina lissafa abin da zai riƙe in na mutu a garin nan: "kai", da "da sauƙi", da "babu". Na ɗauki waya sau da yawa a kwana ukun da suka rage. In na kai kan "Dawanau" sai in ajiye, in ce bari dai a ga sakamako.

Ranar sakamako na je ni kaɗai, ban ma nemi Alhaji ba. Likita ya juyo da kujerarsa ya fuskance ni, ya ajiye takardar a gefe. Ya ce sankara ce a cikin ɓargo. Ya ce ba irin mai gaggawa ba ce, akwai magani, ba ya warkar da ita amma yana riƙe ta, wasu sukan samu shekaru. Ya ce watannin farko masu wuya ne, zan yi rauni fiye da yanzu, kuma ba zai fara ba sai ya ga wani nawa a tsaye a gabansa, na jini, ba tafinta ba.

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi masa godiya. Abin mamaki, ban ji tsoron da na zata ba, wata gaggawa ce kawai ta kama ni.

A harabar asibitin akwai benci a rana. Na zauna a gefen da ba ciwon, na fito da waya. Hantsi ne a gida, kasuwa ta cika. Bugu biyu ya ɗaga, da yake ban taɓa kiransa da kaina ba. Ina jin ƙugin manyan motoci a bayansa, da masu dako suna a ba su hanya.

"Baba? Salamu alaikum. Baba, lafiya?"

Na runtse ido.

"Idrisu."

Na ji hayaniyar kasuwar tana ja da baya, alamar tafiya yake yana neman inda babu mutane. Na ji an rufe wata ƙofa ta ƙarfe. Sannan muryarsa ta zo, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Na'am, Baba." Ya ja numfashi. "Har abin ya kai haka?"

"Ya kai."

Bai tambayi abin da likita ya ce ba, sunan ya riga ya gaya masa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da takardar da ke aljihuna. Shekara talatin da takwas ina ɓoye masa abinsa, ranar da na miƙa masa kuma sai ya zo a naɗe da mugun labari.

"Ka taho," na ce. "Ina so ka taho. Ba ka yi mini laifin komai ba, ko sau ɗaya."

Na ji yana ƙoƙarin danne kuka, irin na manya, wanda ba ya fita sai ta hanci. Ya ce gobe zai shiga neman biza, ya ce in daina hawa mota ni kaɗai, ya ce abubuwa da yawa da sauri, duk na hanya da takardu. Na bar shi ya gama. Da ya yi shiru, na ga bai kamata a ce kiran sunansa guda ɗaya tak yake da shi daga bakina ba, kuma na ciwo.

"Idrisu."

"Na'am, Baba. Akwai wani abu?"

"Babu komai," na ce. "Kiranka kawai na yi."